Ƙarfin Doki Nawa Ya Ishi Mai Babur?

Ran nan, bayan an tashi daga karatun dare, musu ya kaure a ɗakinmu na kwana. Dalili kuwa, mu 'yan ajin ƙarshe saura 'yan watanni mu fita, kuma kowa ya san yawancinmu ƙauye za a tura mu koyarwa. Malamin ƙauye in ba shi da abin hawa, ko ciwon kai ya kama shi cikin dare sai ya jira gari ya waye kafin ya sami mai kai shi asibiti. Saboda haka kowa zancen babur ya ke yi. Wani ɗan ajinmu ya ce shi kam ba zai zuba kuɗinsa kan mai si-si 100 ba, wai wannan keken yara ne. Wani kuma ya fito da wayarsa ya nuna mana hoton wani ƙaton babur mai si-si 1,000, ya ce duk wanda bai hau irin wannan ba bai san daɗin hanya ba. Sai na ce musu, "To, shi si-sin nan da ku ke ta kira, mene ne shi?" Ɗaki ya yi tsit. Ni kaina da na yi tambayar, a daren nan ban iya ba da amsa sosai ba.

Saboda haka na je wurin malaminmu na kimiyya, na je wurin wani bakanike a bakin kasuwa, na kuma zauna na yi lissafi. Abin da na samo shi ne na ke so in gaya muku, don kada wani ya ci bashin da zai shekara uku yana biya saboda ƙarfin da ba zai taɓa mora ba.

Ya kamata in faɗa tun da fari, ban tashi da tuƙin babur ba, ko da ya ke a gidan mai babur aka haife ni. Ni mutumin Bulabulin ne, cikin Maiduguri. Ubana yana da ɗan babur mai si-si 100, da shi ya ke zuwa aiki, da shi kuma ya ke kai mu makarantar mishan, ni a baya, ƙanwata a kan tanki. A watan Yuli na 2011, ina ɗan shekara tara, Gwamnatin Jihar Borno, zamanin Gwamna Kashim Shettima, ta hana hawan babur cikin Maiduguri da Jere, saboda 'yan Boko Haram da su ke zuwa bisa babur su harbi mutane su gudu. 'Yan acaɓa da yawa suka bar gari, Keke Napep ya maye gurbinsu. Babur ɗin ubana ya shekara a zaure lulluɓe da tsohuwar tabarma, daga baya aka ɗora shi a mota aka kai shi wani gari aka sayar. Sai da na zo kwalejin nan na koyi tuƙi. Wanda ya koyi abu da girma kuwa ya kan yi tambayoyin da ɗan gado ba ya yi.

Mene Ne Si-si?

Cikin injin babur akwai wani bututun ƙarfe da a ke kira silinda, cikinsa kuma akwai fistin yana hawa yana sauka. In ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, in ya hau ya matse su, sai fulogi ya ƙyasta wuta, su kama, su turo fistin ƙasa da ƙarfi. Wannan turin shi ne ya ke bi ta giya da sarƙa ya juya tayar baya. To, si-si awon filin nan ne da fistin ya ke sharewa daga sama zuwa ƙasa. Si-si 1,000 su ne lita ɗaya. Ledar ruwan nan da mu ke saya mu sha si-si 500 ce. Kun ga ke nan babur mai si-si 125, cikinsa rubu'in ledar ruwa ne kawai.

Watau si-si girman ciki ya ke faɗa. Mai babban ciki ya kan fi ci, ya kan kuma fi ƙarfi, amma ba kullum ba. Ga misali. Babur ɗin BSA Bantam da aka fara ƙerawa a Ingila a 1948 si-si 125 ne, ƙarfinsa bai kai doki 5 ba. Honda CG125 da mutanen Japan suka fito da shi a 1975 shi ma si-si 125 ne, amma ƙarfinsa wajen doki 11. Ciki ɗaya, aiki ya ninka. Don haka wanda ya ke son sanin ƙarfin babur, dokinsa zai tambaya.

Mene Ne Ƙarfin Doki?

Wani Bature mutumin Sikotlan, James Watt, shi ya kafa wannan awo cikin shekarun 1780. Injunan tururi ya ke ƙerawa, masu sayensu kuwa da dawaki suka saba aiki, wajen jawo ruwa daga ramukan haƙar ma'adini da juya injin niƙa. Kowa ya zo sai ya tambaya, injin nan aikin doki nawa zai yi mini? Sai Watt ya auna aikin doki, ya yanke cewa doki ɗaya ya kan ɗaga laba 33,000 tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya.

Bari mu juya shi zuwa awon da mu ke koya wa yara. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu ɗaya da rabi kilo 75 ke nan. Wanda ya ɗaga buhu ɗaya da rabi tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, ya kuma yi ta yin haka kowace daƙiƙa ba hutawa, to, ya yi aikin doki ɗaya. Da awon lantarki wat 746 ne, kusan abin da ƙaramin janareton masu shago ke bayarwa. Ƙato mai lafiya in zai yini yana aiki, abin da ya ke bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na doki ba. Saboda haka ɗan babur ɗin da abokina ya raina, irin su Bajaj Boxer mai si-si 100, wanda ƙarfinsa wajen doki 8 ne, aikin ƙarti tamanin ya ke yi.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Dokin da masu ƙera babur su ke rubutawa a takarda, ba ya fitowa duka sai inji yana juyawa da sauri ƙwarai, sau 7,500 zuwa 9,000 cikin minti ɗaya. In kana tafe a hankali cikin babbar giya, inji yana juyawa sannu, rabin dawakin barci su ke yi. Aikin giya ke nan. Ka sauko giya ɗaya, inji ya ƙara juyawa, ka tashe su. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ina Ƙarfin Ya Ke Tafiya?

Abu uku ke cin ƙarfin babur a hanya: gogar taya da ƙasa, hawan tudu, da iska. Na yi lissafin da babur mai nauyin kilo 120 da mahayi mai kilo 70, duka kilo 190. Malaminmu ya duba mini, ya ce lissafin kusa ne, ba na ma'aunin zinariya ba, amma ya isa a gane magana.

Gogar taya ba ta da yawa bisa kwalta. In ana gudun kilomita 50 a awa, ba ta kai doki ɗaya ba. Cikin rairayi ne ta ke zama babba.

Hawan tudu ku ma kwa iya lissafinsa a allo. Gudun kilomita 50 a awa, mita 14 ne kowace daƙiƙa. A ce tudu ne wanda cikin kowace mita 20 a ke hawa mita ɗaya. To, kowace daƙiƙa babur yana hawa kashi 7 cikin 10 na mita. Kilo 190 sau wannan ya ba da 133. A raba da 75, ya ba da doki ɗaya da kashi 8 cikin 10, kusan biyu. In ka yi goyo, ka kuma ɗaura kaya, nauyi ya kai kilo 280, tudun zai ci fiye da doki biyu da rabi.

Iska ita ce babbar ɓarauniya, halinta kuma ba irin na sauran ba ne. In ka ninka gudu, turin da iska ke yi wa ƙirjinka ya kan ninka sau huɗu, ƙarfin da inji ke bukata don ya keta ta kuwa ya kan ninka sau takwas. A kilomita 50 iska tana cin doki ɗaya da 'yan kai. A kilomita 100 tana cin goma. In an tara duka bisa shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ga abin da ya fito:

Kilomita 50 a awa, wajen doki 2.
Kilomita 80 a awa, wajen doki 6 zuwa 7.
Kilomita 100 a awa, wajen doki 11.

Shi ya sa babur mai doki 11 ya kan tsaya kusa da kilomita 100, ko ka murɗa totur har hannunka ya yi ciwo. Shi ya sa kuma Suzuki Hayabusa da aka fito da shi a 1999, mai si-si kusan 1,300, sai da aka zuba masa doki wajen 175 kafin ya wuce kilomita 300 a awa. Gudu ya ninka sau uku, doki ya ninka fiye da sau goma sha biyar.

Kada a manta iskar hunturu. In kana gudun 60 ka fuskanci iska mai gudun 20, ƙirjinka turin 80 ya ke sha, abin da iska ke ci ya kusa ninkawa. Wanda ya taɓa nufar arewa maso gabas bisa babur cikin watan Janairu ya san wannan ba sai an gaya masa ba.

Daɗin Hanya Yana Cikin Rara

Yanzu mu komo kan musunmu. Littafin dokokin hanya na Nijeriya ya sa wa babur iyakar gudu kilomita 50 a awa, cikin gari da kan babbar hanya. In doki biyu sun isa wannan gudun, me ya sa ba za mu sayi mai doki biyu mu huta ba? Dalili, babur da ke ba da dukan ƙarfinsa kullum ba shi da daɗin hawa. Yana kuka, yana rawa, hannu ya mutu, inji ya yi zafi, in tudu ya zo ko iska ta taso ba abin da zai ƙara. Daɗi yana wurin rara, watau ƙarfin da ya saura a hannunka ba ka taɓa ba. Kamar albashi ne. Wanda ya ke cinye nasa ƙaf kowane wata, ko ciwon haƙori ya zo masa ya shiga uku.

Na koyi wannan da tsoro bara, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa wani ƙauye. Na ari wani tsohon babur mai si-si 100, na goya abokina, ga littattafan yara ɗaure a baya, ga rabin buhun masara da wani uban yaro ya ba mu. Muka tarad da wata babbar mota tana jan ciki a kan tudu, gudunta bai wuce 40 ba, tana ta busa mana hayaƙi. Na gaji, na fita zan wuce ta. Na kai tsakiyarta, na murɗa totur ya ƙare, allura ta tsaya kan 50 ta ƙi motsi. Sai ga wata motar fasinja ta ɓullo daga kan tudun tana ta ba mu wuta. Abokina ya damƙe mini riga yana cewa, "Koma! Koma!" Na taka birki, muka koma bayan babbar motar, iskar motar fasinjan ta kaɗa mu kamar kara. Muka sauka gefen hanya, muka daɗe ba wanda ya yi magana.

Da dare na yi lissafin abin. Kafin ka wuce babbar mota, daga bayanta har ka koma hannunka a gabanta, sai ka ci mata kamar mita 40. In da kilomita 10 kaɗai ka fi ta gudu, wannan zai ɗauke ka daƙiƙa 14. Cikin daƙiƙa 14 ɗin nan kai ka yi mita 200, motar da ke zuwa da gudun 80 ta yi fiye da mita 300. Watau sai kana ganin rabin kilomita fayau kafin ka fita. Ni kuwa a kan tudu na ke, ban ga ko mita 200 ba. Laifina biyu. Na fita inda ba na gani, na kuma zauna cikin giya ta huɗu, alhali da na sauko ta uku da na tashi dawakin da ke barci. Da na gaya wa bakaniken nan, ya yi dariya ya ce, "Malam, mai ƙaramin babur haƙuri ne rabin injinsa."

In Ƙarfi Ya Yi Yawa

Kada wani ya ce to, ashe maganin abin a sayi babba. Shi ma na ɗanɗana. Wani baƙo ya zo ƙauyen da babur mai si-si 400, na roƙe shi ya bar ni in zaga filin makaranta. Na murɗa totur yadda na saba murɗa ƙaramin. Tayar baya ta kwashi rairayi ta juya, babur ya kwanta da ni, salansa ta ƙone mini sha-raɓa, yara 'yan aji huɗu suna kallo. Ko ɗaga shi ban iya ba sai da aka taimake ni. Tabon yana nan.

Abin da ya faru shi ne, taya ba ta iya miƙa wa ƙasa ƙarfin da ya fi abin da ƙasar za ta riƙe. Bisa rairayi ko burji ko laka, doki 40 da doki 10 kusan ɗaya su ke, sai dai mai 40 ya fi saurin kayarwa. Ga kuma zancen tsayawa. In gudu ya ninka, nisan da birki ke bukata ya kan ninka sau huɗu. Tun kafin ma ƙafarka ta taɓa birki, daƙiƙa ɗayan da ka yi kana mamakin akuyar da ta faɗo hanya, a gudun 100 ka riga ka ci mita 28.

Turawa da su ke da hanyoyi masu kyau ma ba su sakar wa sabon mahayi babban babur. A ƙasashen Tarayyar Turai, bisa tsarin da ya fara aiki a Janairu 2013, lasin na fari bai yarda a wuce si-si 125 da doki wajen 15 ba. Na biyu ya tsaya wajen doki 47. Sai mutum ya ƙara shekaru ko ya daɗe yana tuƙi a ba shi na uku. Babur ɗin da aka fi saya a duniya kuwa, Honda Super Cub, da doki huɗu da rabi ya fito a 1958, zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100.

Sa'an nan ga aljihu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin fetur ya ninka fiye da sau uku. Ƙaramin babur ya kan yi kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya, waɗansu manyan ba su kai 20. In wani abu ya lalace a mai si-si 100 ko 125, kowane bakaniken ƙauye yana da kayansa a akwati. Na babba sai an aika birni, wani lokaci a yi wata ana jira.

To, Doki Nawa?

Shawarata ita ce, ka lissafa abin da tafiyarka ta kullum ke ci, sa'an nan ka ninka shi biyu. Malamin da zai riƙa zirga-zirga tsakanin ƙauye da gari, yana gudun 50, wani lokaci da goyo, wani lokaci da ɗan tudu, tafiyarsa tana cin doki 4 zuwa 5. Ninki biyu, doki 8 zuwa 10 ke nan, watau babur mai si-si 100 ko 125. Wanda aka tura ƙasar duwatsu kamar Biu ko Jos, ko wanda zai riƙa doguwar tafiya bisa kwalta da iyali da kaya, ya nemi doki 12 zuwa 15, watau mai si-si 150 ko kusa da haka. A wurare masu bisa iska ba ta da kauri, inji ya kan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa kowace mita 300 da aka hau. Babur da ya tashi daga ƙasa mai kwari irin ta Maiduguri ya hau Jos, kusan doki ɗaya cikin goma ya bari a hanya. Abin da ya wuce doki 20 kuwa, ban ga inda malamin firamare zai more shi a hanyoyinmu ba.

Kafin ka biya kuɗi, ka tambayi dokar garin da aka tura ka, gama ba ɗaya ba ce ko'ina. Na gaya muku abin da ya faru a Maiduguri a 2011. A 2012 Jihar Legas ta hana babur da bai kai si-si 200 ba bin manyan hanyoyinta. A Janairu 2013 Kano ta hana goyo a babur cikin birni.

In ka saya kuma, ka tsare dawakin da ka biya. Soson da ke tace iska in ƙura ta toshe shi, inji ba ya samun numfashi. Sarƙa in ta bushe ko ta saki, taya in iskarta ta ragu, baƙin mai in ya tsufa, kowannensu yana satar kaɗan. Da bakaniken ya buɗe tsohon babur ɗin nan da na ara, ya tarad da soson ya zama kamar tubali. Mai yiwuwa ne doki shida na fita da su zan wuce babbar mota, ina tsammani takwas ne.

Ni dai na yanke shawara, mai si-si 125 zan saya in Allah ya kai mu. In hutu ya zo in bar shi a makaranta in shiga mota, in na sauka tasha Keke Napep ya kai ni Bulabulin. Na buga wa ubana waya na karanta masa lissafin nan duka, tun daga buhun siminti har tudu. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Na ji, ɗana. Cikin kuɗin nan ka ware na hular kwano biyu, ɗaya taka, ɗaya ta wanda za ka goya. Kuma ranar da za ka saya, ka gwada birki kafin ka gwada totur."